Jos, Mambila ko Obudu: ina mai shirin gudun fanfalakin Legas zai kai iyalinsa hutun Disamba?

Duk wanda ya taɓa shirya wa gudun fanfalakin Legas ya san inda gizo ke saƙa. Tun da aka fara tseren a 2016, galibi a watan Fabrairu ake yin sa, kilomita 42 da 'yan kai, kuma a yawancin shekarunsa daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere ake tashi, a bi ta gadar Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic. In ka ƙirga baya, za ka ga makonnin da atisaye ya fi nauyi sun faɗo tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshen Janairu. A daidai nan kuma makarantu ke ba da hutun zangon farko, a nan ma'aikata da yawa ke karɓar hutun shekara, a nan yaran da aka yi wata huɗu ana ce musu "ku bari a yi hutu" suke zuba wa ubansu ido. An ce ba a haɗa gudu da susar takashi. To amma mai iyali da ya riga ya biya kuɗin rajista, ya kuma riga ya yi wa 'ya'yansa alkawari, dole ya san yadda zai yi da biyun.

Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne a tafi tsauni: iyali su sha iska, shi kuma ya sami atisayen kan tudu irin na 'yan Kenya da Habasha. Wurare uku ne ake yawan ambata a Najeriya, wato Jos, da tsaunin Mambila a jihar Taraba, da Obudu a jihar Kuros Riba. Na kwana a dukkansu, kuma na yi gudu a dukkansu. Kafin in jera su, akwai wata magana da ya kamata a kawar, domin ita ce ke sa mutane zaɓen tumun dare.

Kwana goma ba sa ƙara maka jini

Gaskiya ne manyan 'yan tsere na zama a kan tudu. Garin Iten na Kenya yana wajen mita 2,400 sama da teku, Adis Ababa ta haura 2,300, Bekoji kuwa, garin da ya haifi Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, ya kai wajen 2,800. A irin wannan tsayi iska ta yi sauƙi, kowane numfashi yana kawo iskar oksijin ƙasa da wadda jiki ya saba samu. Sai ƙoda ta ƙara fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Idan mutum ya sauko ƙasa da wannan ƙarin, jininsa na ɗaukar iska fiye da da. Sai dai aikin yana da sharuɗɗa biyu: tsayin ya kai wajen mita 2,000 ko fiye, zaman kuma ya kai mako uku zuwa huɗu.

Yanzu dubi namu. Jos tana wajen mita 1,200. Masaukin Obudu yana dab da 1,600. Gembu ma ba ta wuce nan ba, Nguroje ta ɗan ɗara zuwa wajen 1,800. Babu inda iyali za su kwana a ƙasar nan da ya kai 2,000, hutun kuma kwana bakwai ne ko goma. Saboda haka wanda ya zaɓi wuri don ya dawo da sabon jini ya yaudari kansa. Abin da zai samu a zahiri shi ne sanyi mai daɗin gudu, da tuddai masu ƙarfafa cinya da sharaɓa, da kuma haki da ya ɗan fi na gida a kan saurin da ya saba. Wani zai ce to yaran garin Pankshin na jihar Filato fa, da su ke lashe rukunin 'yan gida a tseren ƙasar nan? Su a can aka haife su, a can suka tashi suna hawa da sauka, kuma a ƙungiya suke atisaye shekara da shekaru. Baƙon mako ɗaya bai isa ya ari wannan ba.

Da zarar mutum ya yarda da haka, tambayar ta sauya. Ba ya neman inda zai ƙaru, yana neman inda ba zai rasa abin da ya tara ba, iyalinsa kuma su ji cewa hutu suka zo. A nan akwai labari mai kwantar da hankali. A shekarun 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya horar da mutane na mako goma, sannan ya rage musu atisaye na mako goma sha biyar ta hanyoyi daban-daban. Waɗanda aka rage wa yawan ranaku, daga shida a mako har zuwa biyu, ƙarfin numfashinsu bai faɗi ba. Waɗanda aka rage wa zafin atisayen su ne suka yi asara. Waɗanda kuma aka yanke wa tsawon lokaci da kashi biyu cikin uku, ƙarfin numfashin ya tsaya, amma juriyar doguwar tafiya ta ja baya. Wannan na ƙarshen shi ya shafi ɗan fanfalaki kai tsaye. Ma'anarsa, a cikin kwana goma abin da ba za ka bari ba abu biyu ne: dogon gudu guda ɗaya, na kilomita 25 zuwa 28, da atisaye mai zafi guda ɗaya. Sauran ranakun, gudun minti talatin ko arba'in sau biyu ko uku ya wadatar. Da wannan mudun zan auna wuraren uku.

Jos

In dai dogon gudu ne, Jos ta fi sauran biyun, kuma ba da kaɗan ba. Dalilin shi ne ƙasarta ba miƙaƙƙen hawa ba ce. Tana ɗan tashi tana ɗan kwanciya, har mutum ya iya riƙe saurin da yake son yi ran tsere na kilomita takwas ko goma a jere, wanda shi ne zuciyar atisayen wannan lokaci. Akwai kwalta mai tsawo ta wajen Rayfield, akwai hanyar da ta nufi madatsar ruwan Lamingo da gindin duwatsun Shere, ga filin wasa na Rwang Pam a tsakiyar gari ga mai son auna saurinsa a zagaye. In kana son hawa na gaske, Shere ta kai sama da mita 1,800. Uwa uba, ba za ka yi gudu kai kaɗai ba. Jos gari ne na 'yan wasa, da sassafe za ka haɗu da masu atisaye rukuni-rukuni, kuma in ka yi sallama ka nemi bin su ba kasafai ake hana ka ba. Wanda ke da yini guda na kansa yana iya leƙawa Pankshin ya ga yadda ake yi, amma ya sani wannan yinin daga rabon yara ya ɗebo shi.

Ta fuskar iyali ma garin bai bar mutum da hamma ba. Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ɗauke da mutum-mutumin yumɓu na Nok, kusa da shi ga gidan namun daji, ga kuma filin da aka gina kwafin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Na ga yadda yaron da ya tashi a Kano ya tsaya yana kallon ganuwar garinsu a wani gari, yana ta tambaya. Akwai gandun namun daji a bakin gari, akwai duwatsun Riyom da aka ɗora kamar da hannu, akwai ruwan Assop a gangaren Hawan Kibo. Duk waɗannan fita ce ta rabin yini, a dawo a yi azahar a masauki. Abinci ba matsala: ana jin Hausa ko'ina, ga masallatai, ga gwaten acca, ga dankalin Turawa da kabeji da karas a arha. Idan yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, asibitin koyarwa na jami'a yana nan Lamingo. Daga Kano ta Tudun Wada da Saminaka tafiyar rabin yini ce, daga Abuja ta Keffi da Akwanga ma haka, ga filin jirgin sama a Heipang.

Amma ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba. Filato na fama da rikici, kuma ƙarshen shekara lokaci ne da ake zaman ɗarɗar. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe mutane sama da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Cikin garin Jos kansa, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun bar unguwanni a rarrabe, kowa ya san iyakarsa. Ɗan gari ya san layin da zai bi da wanda zai kauce wa, baƙo mai gudu cikin duhun asuba bai sani ba. Don haka kada ka zana hanyarka a waya kawai ka fita. Tambayi mai masaukinka, ka jira gari ya waye, wanda a Disamba sai wajen shida da rabi, kuma ka fi son zagaye gajeriyar hanya sananniya sau uku a kan kutsawa inda ba ka sani ba. Ka saurari labarai kafin ku taso, in an sa dokar hana fita a ɗage tafiyar. Wani abin kuma na yara ne: kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da kyawun gani, ruwansu a kwance, amma suna da zurfi ƙwarai kuma sun ci rayuka. Kada a bar yaro ya matsa bakinsu. Sanyin asuba kuwa na iya sauka wajen digiri goma, sai a zo da rigunan sanyi da hula da safa har na jarirai.

Mambila

Zuciyata a nan take, shi ya sa nake jin nauyin abin da zan faɗa a kanta. Ban ga wuri a Najeriya da ya kai Mambila kyau ba. Tuddai ne masu santsin baya kamar an jera ƙwarya a kife, har iyakar gani, shanu a warwatse a kansu, itatuwan turare sun yi layi, hazo na kwance a kwari da safe. Hanyoyin burji da ke fita daga Nguroje da Gembu su ne mafarkin mai gudu: ƙasa mai taushi ga gwiwa, mota jefi-jefi, iska mai sanyi har hantsi. Nan ne kaɗai mutum zai ɗan ɗanɗana abin da 'yan Iten ke ji.

Kuɗin shiga wannan aljannar duniya shi ne hanya. Daga Jalingo za ka bi ta Bali da Serti zuwa Mayo Selbe, inda hawan ke farawa, lanƙwasa a kan lanƙwasa, har ka fito Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu. Wannan kaɗai yana cin mafi yawan yini. Mai tasowa daga Kano ko Kaduna ya ƙaddara kwana biyu zuwa, biyu dawowa. Hutun kwana goma ya koma shida ke nan, kuma kwana huɗun nan ba hutu ba ne ga kowa: ƙafar mai gudu ta sandare a mota, yara ƙanana suna amai a kwanonin hawan, uwargida na fama da su. Hawa jirgi zuwa Jalingo yana rage wahalar, amma bai taɓa ɓangaren da ya fi wuya ba. Ba a hawan nan da dare, kuma ba a hawa da motar da ba a duba birkinta ba.

A can sama kuma atisaye na da nasa hali. Babu shimfiɗaɗɗen wuri. Saurin da ka saba yi a Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, ba za ka gan shi a agogonka ba, kuma wanda ya nace sai ya gan shi zai ƙone kansa tun kwana na biyu. A Mambila da lokaci ake auna gudu. Maimakon ka ce kilomita 26, ce awa biyu da rabi, a kan ƙoƙarin da za ka iya magana a cikinsa. Kwana biyun farko ka tafi a hankali. Ruwan sha shi ne babbar matsalar dogon gudu, domin kana iya yin awa guda ba ka ga shago ba, waya ma ba ko'ina take kamawa ba. Abin da ya fi shi ne ka yi ciniki da ɗan acaɓa ɗan gari tun dare, ya bi ka da ruwa da dabino da ruwan gishiri da sukari. Shi zai nuna maka hanya, shi zai kore maka karnuka, shi zai gaya maka inda ba a ratsawa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Maganar fili tsakanin makiyaya da manoma a Mambila magana ce mai zafi, an zubar da jini a kanta a 2017. In ka ga shinge, ka bi ta gefensa. In ka haɗu da mutane, ka rage gudu ka gaishe su. Fulatanci ya fi yawo a can, amma Hausa za ta kai ka ko'ina.

Yara da suka yi wayo, daga shekara tara zuwa sama, ba za su manta da Mambila ba. Za su ga gonar ganyen shayi ta Kakara, su ga daga inda abin da suke sha kullum yake fitowa. Akwai dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, a gindin tsaunin kuma ga gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a ƙasar, mai hedikwata a Serti. Ga kindirmo da man shanu da nama, ga ayaba da fiya. Masaukai dai na talaka ne, ruwan zafi a bokiti, wuta ta zo ta tafi. Akwai asibiti a Gembu, amma in abu ya yi tsanani sai an gangara, kuma ka ji yadda hanyar take. Mai jariri, ko mai mata da tsohon ciki, ko mai tafiya da dattijuwa mai hawan jini, ina roƙonsa ya bari sai wata shekara.

Akwai jaraba guda da ke kama 'yan gudu a can, wato Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Hawanta tafiyar kwanaki ce da ɗan jagora. Ba atisayen fanfalaki ba ce, ba kuma fitar iyali ba ce. In kana son ta, ka ware mata tafiyarta daban bayan tsere.

Obudu

Obudu ta fi sauran shahara a wajen 'yan tsere saboda gasar hawan tsauni da aka fara a 2005, zamanin gwamna Donald Duke, wadda ta riƙa jawo zakaru daga ƙasashen waje da kyautar dala 50,000. Hanyar gasar ita ce titin da ke hawa daga ƙofar ƙasa zuwa masauki: kilomita 11, lanƙwasa 22, hawan kusan mita 800. Wannan titin shi ne alherin wurin, shi ne kuma iyakarsa. A matsayin atisaye mai zafi guda ɗaya, babu kamarsa a ƙasar nan. Ka sa mota ta sauke ka a ƙasa da sassafe, ka hau da ƙafa, iyali su tarye ka a sama da shayi. Yara na son wannan ƙwarai, domin sun ga abin da ubansu yake yi da idonsu, sun kuma yi masa kirari a ƙarshe. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne saukowa a guje. Gangara mai tsawo tana yayyaga tsokar gaban cinya, ciwon kuma ba ya bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, lokacin da ya kamata kana yawo da yara. Dogon gudu na kilomita 25 kuwa babu inda za ka shimfiɗa shi a sama sai da maimaita 'yan gajerun hanyoyi masu tudu.

An gina wurin tun asali don kiwon shanu a 1951, daga baya ya zama wurin shaƙatawa, saboda haka abubuwan kallo a tattare suke: gadar igiya a saman itatuwan dajin Becheve, wurin wanka a tsakanin duwatsu, da keken sama mai tafiya a kan waya na wajen kilomita huɗu. Kafin ka yi wa yara alkawarin kowane ɗaya, ka buga waya ka tabbatar yana aiki a lokacin. Ƙarshen Disamba lokacin cunkoso ne, ɗaki na tsada. Musulmi ya yi tambaya a kan yanka, ya kuma zo da guzurinsa, kilishi da dambun nama da garin kunu, ya san cewa galibin sallolinsa a ɗaki zai ja iyalinsa. Daga Arewa ta Lafiya da Makurɗi da Gboko ake bi, yini guda cur. Kwana uku ko huɗu sun ishi Obudu. Bayan haka yara sun gama ganin komai, kai kuma ƙafarka ta fara neman miƙaƙƙiyar hanya.

Zafin Legas, wanda ba a cika tunawa da shi ba

Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri shida. Wannan ne ke sa gudu a tsauni ya yi daɗi, kuma wannan ne haɗarinsa. Abin da ke kayar da 'yan Arewa a Legas ba ƙarancin tudu ba ne, gumi ne. Iskar Legas jiƙe take ko a Fabrairu, zufa na zuba amma ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma wanda zai yi awa huɗu ko biyar a hanya rana za ta same shi tsakiyar kwalta. Mu da muke atisaye cikin hunturu, busasshiyar iska mai sanyi, tun a gida an bar mu a baya. Kwana goma a Mambila ko Obudu na ƙara nisanta jiki da abin da zai tarar.

Jiki na sabawa da zafi cikin kwana goma zuwa goma sha huɗu in ana motsa shi a cikinsa: ruwan jini ya ƙaru, zufa ta fara fita da wuri, bugun zuciya ya sauka. Saboda haka lokacin dawowa ya fi wurin da aka je muhimmanci. In kun dawo a makon farko na Janairu, kana da mako biyar ko shida. Cikinsu za ka yi gudunka mafi tsawo, na kilomita 30 zuwa 32, mako uku kafin tsere, sannan ka mayar da wasu daga ƙananan gudunka zuwa hantsi ko bayan la'asar, da riga mai ɗan kauri, kana shan ruwa. Amma tafiya tsauni a mako ukun ƙarshe, da sunan ai lokacin rage atisaye ne, kuskure ne: ga gajiyar mota, ga sabon abinci, ga sanyi, duk a lokacin da jiki ke buƙatar abin da ya saba. A 'yan shekarun nan kuma watan azumi na faɗowa kusa da Fabrairu, yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, don haka ka duba kalanda tun kafin ka biya kuɗin rajista.

Abin da ya rage a daidaita a gida

Shekarar da na fara haɗa hutu da atisaye, na ɗauka matsalar ita ce awannin da nake waje. Na riƙa fita bayan sallar asuba, in dawo kafin a gama karin kumallo, ina ganin ban tauye kowa ba. Rana ta huɗu, bayan azahar, ina kwance, ƙaramar 'yata ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta a ƙafa ta ce, "Abba, yau ma barci za ka yi?" Maganar ta zauna mini har yau. Ashe ba awa biyun safe ne ke cin hutu ba, gajiyar da ke biyo baya ce. Uban da ya dawo ya zube, ko yana tafe da yara yana jan ƙafa yana tsaki, bai zo hutun ba ko da yana wurin.

Tun daga nan na sauya lissafi. Mako na hutu shi ne makon sassauci a jadawalina. Dama duk mai shirin fanfalaki yana rage nauyi bayan kowane mako uku ko huɗu, sai in jera makonnin tun daga Nuwamba yadda sassaucin zai faɗo a kan tafiyar. Dogon gudu guda nakan yi a gida kwana biyu kafin mu tashi, ɗayan kuma kwana biyu bayan mun dawo, sai ya zama guda ɗaya tak ya rage a can. Ranar wannan gudan nakan faɗe ta tun kafin a ɗaure kaya, kuma ba a sa wata doguwar fita a ranar. Yawon da ake yi da yara a kan duwatsu, da goyon ƙaramin a wuya, ina ƙirga shi cikin aikin ƙafa, domin ƙafa ba ta san bambanci ba. Sannan akwai hakkin uwar yara. In ka ɗauki safiya uku, ita ma ta sami yammaci uku da za ka kwashe yaran gaba ɗaya ta huta, ko ta fita abinta. In kuwa ita ce mai gudun, kuma matan da ke shiga tseren nan suna ƙaruwa, to maigida ya riƙe yaran da safe da zuciya ɗaya, a kuma samo mata abokin rakiya ko ya bi ta da mota, musamman a hanyoyin da babu jama'a.

To wanne za a ɗauka? Mai ƙananan yara, ko mai hutun mako guda, ko wanda wannan ne fanfalakinsa na farko kuma yana tsoron rasa dogon gudu, ya tafi Jos, in dai labaran makon sun nuna lafiya, kuma yana da wanda ya san gari. Mai mako biyu cikakku, da yaran da suka yi wayo, da mota mai lafiya, wanda kuma ya taɓa gama tseren har ya daina damuwa da abin da agogo ke faɗa, Mambila za ta ba shi abin da sauran ba za su ba shi ba, shi da iyalin duka. Obudu ta dace da wanda ke da kwana huɗu kawai, ya riga ya yi dogon gudunsa a gida, yana son hawa guda mai kyau da wurin da uwargida ba za ta ɗora tukunya ba. Wanda kuma yake kilomita 10 zai shiga, ba 42 ba, duk wannan lissafin ya yi masa yawa, ya bar yara su zaɓa.

Ni a bana Jos za mu, kwana takwas, domin autanmu bai kai shekara uku ba. Zan yi kilomita 28 a gida ranar Asabar, mu tashi Litinin. Laraba in hau tuddan wajen Shere na minti arba'in, Asabar in yi 25 ta Rayfield tare da 'yan gari, sauran safiyoyin rabin awa ko babu. Mambila kuma mun sa ta a hutun Afrilu na shekarar da autan zai iya jure hawan Mayo Selbe, lokacin da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta yi kore, ba ni kuma da wani tsere a gabana.